Yadda zaka ƙirga jeri da zaɓi ba sai ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya ba

Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya jawo wannan rubutun rigimar adashe ce, wallahi ba wasa nake ba. Innarmu suna da adashe su shida a ƙauyenmu nan ƙasar Ringim, duk ranar kasuwa ake zubi, toh da aka zo sabon zagaye sai gardama ta kaure akan wa zata fara kwasa wa zata biyo baya, kowa da uzurinta, wannan zata aurar da 'ya waccan tana son ta sayi ɗan rago ta ɗaure tun layya bata matso ba kuɗin dabba bai hau ba. Uwar adashe tace a raba gardama, a rubuta duk yadda za'a iya jera su shidan a 'yan takardu, a zuba a ƙwarya a kira yaro ya ɗauko ɗaya. Aka kira ƙanwata da take SS2 aka bata littafi da biro. Ta cika shafi biyu tana maimaita wasu tana tsallake wasu, da ta gaji ta kawo min tace Yaya wai dan Allah nawa ne gaba ɗayansu? Nace mata 720. Ta zaro ido tace mutum shidan kawai? Nace eh, ajiye biron nan ki samu guri ki zauna.

Wannan shi ne abin da ake koyarwa a makaranta da sunan famiteshin da kwambineshin, ni dai jeri da zaɓi nake ce musu kuma haka zan ci gaba da kiransu anan. Yana fitowa a lissafin JAMB, yana kuma cikin lissafin nan na ƙari da 'yan ajin kimiyya suke ɗauka a WAEC da NECO, kuma yara da yawa suna tsoronsa ba don yana da wuya ba sai don an fara musu da fomula tun basu san me ake ƙirgawa ba. Yaro ya haddace nPr ta jeri da nCr ta zaɓi kamar karatun aku, ranar jarabawa ya tsaya yana canki-canka wanne zai saka. Mu ta ƙasa zamu faro.

Tushen abin gaba ɗaya ninkawa ce. A gidan biki an yi tuwo kala 3, na dawa da na masara da na shinkafa, miya kuma kala 4, kuka da kuɓewa da karkashi da taushe. Kwano kala nawa za'a iya zuba maka? Ka ɗauki tuwon dawa kaɗai, yana iya tafiya da kowacce a cikin miya huɗun nan, 4 kenan, na masara ma 4, na shinkafa ma 4, sai ya zama 3 × 4 = 12. Ko ranar sallah kana da riga 3 da hula 4 da takalmi 2, shiga 24 kenan ka iya yi, 3 × 4 × 2, duk da dai wata hular in ka ɗora ta akan wata rigar 'yan majalisa sai sun yi maka dariya, amma lissafi ba ruwansa da wannan.

Dabarar da nake ba ɗalibaina kuma har yau ban ga wadda ta fi ta ba ita ce zana gurbi. Duk tambayar da aka yi maka, ka ja 'yan layuka a takarda, kowane layi guri ne da za'a cike, sai ka tambayi kanka abu nawa ne zai iya shiga nan, ka rubuta adadin akan layin, ka matsa na gaba, in ka gama ka ninka su duka. Misali lambar sirri ta katin ATM da kake dannawa a wajen mai POS, gurbi 4 ne, kowane gurbi lamba 10 ce zata iya shiga daga 0 zuwa 9, kuma ba'a hana ka maimaita lamba ba, ka iya sa 7 sau huɗu ma in kaga dama. Kaga 10 × 10 × 10 × 10 = 10,000. Kwaɗon nan mai lamba uku da ake rufe akwati da shi 1,000 ne kawai, shi yasa yaron da bashi da aikin yi zai zauna da shi a gindin bishiya kafin la'asar ya buɗe maka shi. Lambar waya ma haka, bayan 0803 saura gurbi 7, layi miliyan 10 ne iyakar abin da zai shiga ƙarƙashinta, da suka cika dole aka buɗo wasu irin su 0806.

Akwai wani ɗan abu da zaka riƙe tun yanzu don zamu dawo kansa, kalmar "da" da kalmar "ko". In aka ce tuwo DA miya, ninkawa zaka yi. In aka ce mai abinci tana da tuwo kala 3 KO fura kala 2 ka zaɓi ɗaya, toh tarawa ce, 5 ne ba 6 ba.

Yanzu mu koma adashen su Inna. Gurbi 6 ne, kwasar farko har zuwa ta shida. Kwasar farko mace 6 ce zata iya samu. Wacce ta kwasa ta fita daga layi, anan ne aka bambanta da lambar ATM, babu maimaici, don haka ta biyu saura 5, ta uku 4, haka har ta ƙarshe da bata da abokiyar takara. 6 × 5 × 4 × 3 × 2 × 1 = 720. Irin wannan ninkawar da ake gangarowa har 1 ita ake kira faktoriyal, ana rubuta ta da alamar motsin rai, 6! kenan, wani masanin lissafi na Faransa mai suna Christian Kramp ne ya shigo da alamar a 1808. Kuma wallahi alamar ta dace da ita don abin mamaki ne yadda take kumbura. 3! shida ce kawai, 4! 24, 5! 120, wato in kace zaka zagaya masarautun Jigawa biyar, Dutse da Hadejia da Gumel da Kazaure da Ringim, hanya 120 ce zaka iya tsara wacce zaka fara da wacce zaka ƙare. Amma da adashen nan na mutum 10 ne, 10! = 3,628,800. Da ƙanwata zata rubuta jeri ɗaya duk minti ɗaya, ba barci ba sallah ba cin abinci, sai ta yi kwana 2,520, kusan shekara 7 kenan, kafin nan 'yar da za'a aurar ta yi 'ya'ya uku.

Sau da yawa kuma ba kowa ake jerawa ba, gurbin bai kai yawan mutanen ba. Ace ƙungiyar manoman rani ta garinku mutum 8 ne suka tsaya, muƙami kuma 3, shugaba da sakatare da ma'aji. Ja layi uku. Shugaba mutum 8 ne zasu iya zama, sakatare saura 7, ma'aji saura 6, sai ka tsaya anan tunda gurbi ya ƙare. 8 × 7 × 6 = 336. Shikenan fa, wannan ita ce 8P3, wato jera 3 daga cikin 8, da ake tsorata ku da ita. Fomular littafi tana cewa n! a raba da (n − r)!, n yawan mutanen r kuma yawan gurbin, wato 8! a raba da 5!, in ka duba da kyau ba komai take yi ba illa ta rubuta 8 har zuwa 1 sannan ta yanke wutsiyar 5 × 4 × 3 × 2 × 1 da baka buƙata. Ni a ganina wahalar da kai ne mutum ya tsaya lissafa 8! ya samu 40,320 sannan ya raba da 120 alhali layi uku sun ishe shi. Ka san fomular saboda malami zai tambaya, amma da gurbi zaka yi aiki. Haka in kana da gona 3 a wurare daban, ta tudu da ta bakin fadama da ta bayan gari, iri kuma 5, gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, kowace gona iri ɗaya ba maimaici, 5 × 4 × 3 = 60.

Toh ga inda ake faɗuwa, kuma saboda nan ne na zauna rubutun nan gaba ɗaya, dan Allah a nutsu.

Mutum takwas ɗin nan dai, amma yanzu ba muƙami za'a raba ba, mai gari ne yace a turo mutum 3 suje sakatariyar ƙaramar hukuma su karɓo taki. Babu shugaba babu ma'aji, su ukun duk 'yan aike ne. Nawa ne? In kace 336 ka yi kuskure, ga dalili. Mu kira uku daga cikinsu A da B da C. A wajen muƙami, A shugaba B sakatare C ma'aji daban yake da C shugaba A sakatare B ma'aji, tambayi wanda aka damƙa wa jakar kuɗi kaji ko ɗaya ne. Mutum ukun nan kaɗai ana iya juya su sau 6, ABC, ACB, BAC, BCA, CAB, CBA, kuma duk shidan an ƙirga su daban-daban a cikin 336. Amma a wajen karɓo taki duk shidan abu ɗaya ne, mutanen dai su ne suka hau mota, ko wa aka fara kira. Kenan kowace tawaga ɗaya mun ƙirga ta sau 6. Maganin sai a raba, 336 ÷ 6 = 56. Ita ce 8C3, wato zaɓen 3 daga cikin 8. Kaga zaɓi ba wani sabon abu bane, jeri ne aka raba shi da yawan maimaicin da aka yi, kuma maimaicin shi ne faktoriyal na adadin waɗanda aka zaɓa. In mutum 2 ka zaɓa ka raba da 2, in 3 ne ka raba da 6, in 4 ne da 24, in 5 ne da 120. Abin da fomular n! a raba da r!(n − r)! take faɗa kenan a dunƙule.

Saboda haka kafin ka taɓa kalkuleta tambaya ɗaya zaka yi wa kanka. Ka ɗauki amsa guda ɗaya a ranka, ka musanya mutum biyu a cikinta, na gaba ya koma baya na baya ya dawo gaba, sai kace shin wani abu ya canza? In ya canza jeri ne, ka ninka ka tsaya. In bai canza ba zaɓi ne, ka ninka sannan ka raba. Kar ka dogara da kalmar da aka sa a tambaya, na sha ganin yara suna cewa ai malam an ce "zaɓi" shi yasa na sa nCr, alhali cewa aka yi a zaɓi na ɗaya da na biyu da na uku a musabaƙar Alƙur'ani, wanda kowa ya san kyautar na ɗaya ba ita ce ta na uku ba.

Gwada da musabaha. An sauko idi mutum 12 sun haɗu a ƙofar gidan mai gari kowa ya gaisa da kowa hannu da hannu, musabaha nawa aka yi? Ni na ba ka hannu da kai ka ba ni hannu ai gaisuwa ɗaya ce, bata canza ba, zaɓi ne. 12 × 11 = 132, raba da 2, 66. Yanzu ƙwallo. Gasar Firimiya ta Ingila ƙungiya 20 ce, ana buga gida da waje, kuma duk mai kallon ƙwallo ya san Arsenal ta karɓi Chelsea a gida daban yake da Chelsea ta karɓi Arsenal, kamar yadda Kano Pillars a filinta na Sani Abacha ba ɗaya take da Pillars a waje ba. Anan musanyawa ta canza abu, jeri ne, 20 × 19 = 380, kuma wasa 380 ɗin ake bugawa a kaka guda, jeka duba. Da sau ɗaya kowa zai haɗu da kowa da 190 ne. In kuna shirya gasar unguwanni ta bayan girbi da ƙungiya 7 a fili ɗaya, ba gida ba waje, 7 × 6 ÷ 2 = 21, sai ku san kwana nawa zaku roƙi filin firamare.

Wani sauƙi da mutane basa lura da shi, zaɓen waɗanda zasu tafi daidai yake da zaɓen waɗanda zasu zauna. Gida mai samari 10 aka ce 8 su tafi gayya, kar ka wahalar da kanka da ninka lamba takwas, ka ƙirga biyun da za'a bari a gida su kula da dabbobi, 10 × 9 ÷ 2 = 45, amsar ɗaya ce. Daga nan ma zaka gane dalilin da yasa aka ce 0! ɗaya ne ba sifiri ba, abin da yake ɗaure wa yara kai. In aka ce duka goman su tafi hanya nawa ce? Ɗaya mana, kowa ya ɗau fartanyarsa. Fomula kuwa zata baka 10! a raba da 10! × 0!, ba yadda za'a yi ta bada 1 sai in 0! ɗin 1 ne.

Bari in ɗan ratse, don akwai masu ganin wannan duk kayan Bature ne. Malam Khalil bin Ahmad al-Farahidi na Basra, malamin Sibawaihi, wanda duk ɗalibin da ya karanta aruli, ilimin awon waƙa, ya san sunansa, tun a ƙarni na 8 miladiyya da wannan lissafin ya tsara ƙamusunsa Kitabul Aini. Yana son kar kalmar Larabci ko ɗaya ta kuɓuce masa, sai ya riƙa ɗaukar haruffan asalin kalma yana jujjuya su, mai harafi biyu juyi 2, mai uku juyi 6, mai huɗu 24, mai biyar 120, sannan ya ware waɗanda Larabawa suke amfani da su da waɗanda aka yi watsi da su. Ɗauki ainun da lamun da mimun, a jere ɗaya su baka ilmu, ka juya su baka amalu, ka sake juyawa su baka lama'a. 2 da 6 da 24 da 120 ɗin nan ai su ne faktoriyal ɗinmu, kusan shekara dubu kafin Kramp ya sa musu alama. Da haruffa 28, asali mai harafi uku mabambanta zai kai 28 × 27 × 26 = 19,656. A Marrakesh ta Maroko ma an yi Ibn Mun'im a farkon ƙarni na 13, shi da zaren alharini kala-kala ya yi nasa misalin, tuntu nawa za'a iya haɗawa in an zaɓi launi kaza daga cikin goma.

Tunda an zo maganar haruffa, JAMB suna son tambayar nan ta jera haruffan kalma. KANO harafi 4 ne duk daban, 24. DUTSE 120. Amma GAYA fa? A biyu ce a ciki, in ka musanya A ta farko da ta biyu ido bazai ga bambanci ba, kaga maimaici ya sake shigowa, maganinsa kuma wanda ka sani ne, rabawa. 24 ÷ 2 = 12. BABURA harafi 6, B biyu A biyu, 720 a raba da 2 × 2, 180. MAIGATARI harafi 9, A uku I biyu, 9! shi ne 362,880, a raba da 3! × 2! wato 12, ya bada 30,240. Ka lura A uku da 6 ake raba ta ba da 3 ba, nan ne mafi yawa suke zamewa.

Zaman da'ira shima rabawar ce dai. Yara 5 sun kewaye tire ɗaya na shinkafa da wake, in kowa ya matsa guri ɗaya ta dama ba abin da ya canza, wanda yake damanka yana nan na hagunka yana nan. Kowane zama an ƙirga shi sau 5 kenan, 120 ÷ 5 = 24, ko kace ka dasa mutum ɗaya kamar turke ka jera sauran huɗun, 4!. In kuma duwatsun ado ne kala daban-daban a zare kamar abin wuya wanda ana iya kifa shi, sai ka ƙara rabawa da 2.

Sai tambayoyi masu sharaɗi, waɗanda su ne ainihin abin da ake fitowa da shi a jarabawa. Ƙa'idata anan ita ce mai rigima shi ake fara sallama. A adashen nan in aka ce Gwaggo ce dole zata fara kwasa saboda bikin 'yarta, ka bata gurbin farko ka manta da ita, saura 5 su jeru, 120. In kuma aka ce akwai kishiyoyi biyu a ciki, uwargida da amarya, maigidan yace lallai su kwasa a jere don kar a ce an fifita wata, sai ka ɗaure su da igiya ɗaya ka ɗauke su kamar mutum guda, yanzu abu 5 kake jerawa, 120, amma a cikin ɗaurin uwargida ka iya riga amarya ko amarya ta riga, sau 2, ya zama 240. In akasin haka aka ce, kar su kuskura su biyo juna, kar ka tsaya ƙirga wannan kai tsaye zaka sha wuya, ka ɗebe wanda ba'a so daga jimla, 720 − 240 = 480.

Dabarar ɗebewar nan ita ce kuma maganin duk tambayar da kaji an ce "aƙalla ɗaya". Kwamitin iyayen yara na mutum 4 za'a kafa daga maza 6 da mata 4, sharaɗi aƙalla mace ɗaya ta shiga. Duka hanyoyin ba sharaɗi 10 × 9 × 8 × 7 ÷ 24 = 210. Waɗanda ba mace ko ɗaya, wato maza zalla, 6 × 5 × 4 × 3 ÷ 24 = 15. Ɗebe, 195. Kuskuren da ake yi shi ne mutum yace bari in fara zaɓar mace ɗaya, hanya 4, sannan in cike ukun daga sauran mutum 9, hanya 84, ya ninka ya samu 336, wanda ya ma fi jimlar 210 ɗin gaba ɗaya, kaga ai da gani ka san an yi ɓarna. Abin da ya faru kwamitin da yake da mata biyu an ƙirga shi sau biyu, mai uku sau uku. Duk sanda ka gama lissafi mai sharaɗi ka waiwaya ka gani ko amsarka ta wuce ta marar sharaɗi.

Ga "da" ɗin nan ta dawo. Ka je kara ranar Alhamis a Maigatari, ko Wudil ranar Juma'a, dillali ya nuna maka raguna 7 da awaki 5, kai kuma rago 2 DA akuya 3 zaka saya. Raguna 7 × 6 ÷ 2 = 21, awaki 5 × 4 × 3 ÷ 6 = 10, tunda "da" ce sai ka ninka, 210. Da kuɗinka na ɗaya ne kawai, rago 2 KO akuya 3, da 31 ne.

In ba kalkuleta a kusa kuma lambobin ƙanana ne, akwai dalar lambobi da zaka iya zanawa ko a ƙasa da tsinke. Ka sa 1 a sama, kowane layi ya fara da 1 ya ƙare da 1, na tsakiya kuma ka tara biyun da suke samansa.

1
1 1
1 2 1
1 3 3 1
1 4 6 4 1
1 5 10 10 5 1
1 6 15 20 15 6 1

Layin ƙarshen nan na abu 6 ne, yana gaya maka zaɓen babu 1, zaɓen ɗaya 6, biyu 15, uku 20, huɗu 15, haka. Ka ga 15 ɗin maza zalla da muka samu ɗazu gata nan zaune. In ka tara layin kuma zaka samu 64, wato 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 2, domin kowane abu hali biyu gare shi, ko an ɗauke shi ko an bar shi. Ana jingina dalar ga Blaise Pascal na Faransa da ya yi rubutu akanta a 1654, amma al-Karaji ya san ta a Bagadaza tun wajen shekara ta 1000, a Sin ma Yang Hui ya kawo ta a littafinsa a 1261.

Kalkuleta kuwa, irin Casio ɗin nan da ake shiga jarabawa da ita, ka fara danna babbar lambar, sannan nPr ko nCr, sannan ƙaramar. A wasu sai ka danna SHIFT da alamar sau ko ta rabawa kafin su fito, duba rubutun da yake saman maɓallin. In ka juya ka sa ƙarama a gaba zata ce maka Math ERROR. Kuma kar ka yi mamaki in ta ƙi baka 70!, a 69! take tsayawa saboda daga nan lambar ta wuce abin da zata iya ɗauka. Mai kwamfuta a Excel ya rubuta COMBIN ko PERMUT ko FACT.

Samarin da suke yini a shagon caca da waya a hannu, nasan malamai sun gama magana akan hukuncinta, ni lissafin kawai zan ƙara muku. Wasa 10 ka haɗa a tikiti ɗaya, kowanne hali 3 gare shi, gida ta ci ko waje ta ci ko canjaras, gurbi goma kowanne 3 a ninka su, 59,049, a ciki ɗaya ce tak zata fito. Mai cankar lamba 5 daga 90 kuwa, 90 × 89 × 88 × 87 × 86 a raba da 120, ya kama 43,949,268. Wani ƙanina da na lissafa masa wannan a bayan kwalin sigari cewa yayi ai Yaya wani ya taɓa ci a garin su abokinsa, nace toh.

Su Inna kuwa a ƙarshe ba'a rubuta takarda 720 ba. Takarda 6 aka yanka, kowacce da sunan mutum ɗaya, aka zuba a ƙwarya aka rufe da faifai, yaro ya riƙa zaro ɗaya bayan ɗaya, zaron farko cikin 6, na biyu cikin 5, har ƙasa, wanda daidai yake da a ce an zuba duka 720 ɗin ya ɗauko guda. Amarya ce ta fito farko, Gwaggo mai bikin ta fito ta biyar, sai da aka koma roƙon amarya ta yarda suka yi musanye. Ƙanwata kuma na bar mata aikin gida, in ana son kafa tawagar ƙananan hukumomi 3 daga cikin 27 na Jigawa hanya nawa ce, ta kawo min 17,550 da farko, na tambaye ta in Babura da Garki da Ringim suka tafi, sannan Ringim da Babura da Garki suka tafi, mota nawa aka cika? Ta karɓe takardarta ta koma ɗaki, can ta leƙo tace 2,925.